Kashi 75 cikin 100: yadda malaman Shikago suka tsallake shingen doka

Jawabi ga wakilan malaman makarantun gwamnati, a zaman horo kan aikin ƙungiya da siyasa



Maganar yau ta rataya ne ga lissafi guda, wato kashi 75 cikin 100. A watan Yuni na shekarar 2011 gwamnan jahar Ilinoi ta ƙasar Amurka, Pat Quinn, ya sa hannu kan wata sabuwar dokar ilimi, kuma a cikinta akwai wata aya da aka yanka wa malaman birnin Shikago su kaɗai, kamar yadda tela ke yanka riga daidai wuyan mai ita. Ayar ta ce malaman makarantun gwamnati na birnin ba su da iko su shiga yajin aiki sai kashi 75 cikin 100 na dukan mambobin ƙungiyarsu sun jefa ƙuri'ar amincewa. A lura da kyau, dukan mambobi aka ce. Wanda yake kwance asibiti, da wadda ta tafi haihuwa, da wanda ya yi tafiya, da wanda kasala ta hana shi fitowa, kowanensu doka ta lissafa shi cikin waɗanda suka ce a'a. Duk wanda ya taɓa kiran taron ƙungiya, ta ma'aikata ce ko ta ƴan kasuwa, ya san mutum nawa ke amsa kira, kuma ya san abin da wannan sharaɗi yake nufi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fafutukar ganin an yi dokar, Jonah Edelman, har ya bugi ƙirji a gaban wani taro cikin wannan shekara cewa ƙungiyar malaman ba za ta taɓa kaiwa ga wannan adadi ba.

Shekara guda bayan haka, a watan Yuni na 2012, aka yi ƙuri'ar cikin kwana uku. Daga cikin mambobi wajen dubu 26, kusan kashi 90 cikin 100 suka ce a tafi yaji. Abin da ya faru tsakanin wancan bugun ƙirji da wannan ƙuri'a shi ne darasin wannan zama.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane halin da malaman suke ciki. Tun 1995 majalisar dokokin jahar ta damƙa makarantun Shikago a hannun magajin gari: shi ke naɗa hukumar makarantu, shi ke naɗa babban daraktanta. Wannan doka kuma ta ba hukuma damar ƙin tattaunawa da ƙungiyar malamai kan wasu muhimman abubuwa, ciki har da yawan yara a aji. Daga 2004, a zamanin magajin gari Richard M. Daley da daraktansa Arne Duncan, wanda daga baya ya zama ministan ilimi na gwamnatin Obama, aka shiga rufe makarantun unguwanni da aka ce ba su taɓuka kome ba, ana buɗe wasu irin na kwangila a madadinsu, wato makarantun da gwamnati ke biya amma wasu kamfanoni ko ƙungiyoyi masu zaman kansu ke tafiyar da su. Yawancin makarantun da aka rufe suna unguwannin baƙar fata ne da na talakawa. Ita kuwa ƙungiyar malamai, CTU, abin da jama'a ke ce wa sandika, ta zama kamar ofishin karɓar koke: malami ya biya kuɗinsa na wata, in ya samu matsala da darakta ya buga waya, lauya ya rubuta takarda, shi ke nan. Rabonta da yajin aiki tun 1987.

A 2008 wasu malamai ƴan ƙalilan suka soma haɗuwa bayan tashi daga aiki suna karatu tare, suna tattauna abin da ke faruwa da makarantunsu. Suka kira kansu CORE. Cikinsu akwai Karen Lewis, malamar kimiyyar sinadarai, da Jesse Sharkey da Jackson Potter. Ba su da ofishi, ba su da kuɗi, amma sun ɗaukar wa kansu wata al'ada wadda ta jawo masu amincewar jama'a: duk inda hukuma ta kira zaman jin bahasi kan rufe wata makaranta, suna can tare da iyayen yara, ko da makarantar ba tasu ba ce. Iyayen da suka saba ganin malami yana magana kan albashinsa kawai, sai ga shi sun gan shi a layi cikin sanyin hunturu yana jiran a ba shi minti biyu ya kare makarantar ƴaƴansu. A watan Yuni na 2010 CORE ta ci zaɓen shugabancin ƙungiyar a zagaye na biyu, Karen Lewis ta zama shugaba.

Abu na farko da sababbin shugabannin suka yi ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba kowane shugaban ƙungiya ke iya yin sa ba. Sun rage albashin kansu, suka ɗauki kuɗin suka buɗe wani sabon sashe wanda aikinsa kawai shi ne haɗa kan mambobi da horar da su. Ma'aikatan wannan sashe, mafi yawansu daga aji aka ɗauko su, kuma an raba masu makarantun birnin yanki yanki. Daga 2011 aka soma wani shiri na lokacin babban hutu, inda ake ɗaukar malamai da sauran ma'aikatan makaranta a koya masu aikin na tsawon makwanni, sannan a tura su gida gida, su ƙwanƙwasa ƙofar abokan aikinsu da ta iyayen yara. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shiga aikin wannan sashe a 2011 wani malami ne mai suna Brandon Johnson. A riƙe sunan, zai sake fitowa.

To, me ake koyarwa a irin wannan horo? Mai sauraro zai zaci ko iya jawabi ne a gaban taro, ko sanin ayoyin dokar aiki. Waɗannan suna ciki, amma ba su ne kan gaba ba. Darasin farko ƙidaya ce. Wakilin makaranta zai zauna da takarda ya rubuta sunan kowane ma'aikaci na makarantarsa, tun daga malamin da ya fi kowa daɗewa har magatakardan ofis, kuma a gaban kowane suna ya rubuta abin da ya sani: wa ke tare da ƙungiya, wa ke shakka, wa ke tsoron darakta, wa ba a taɓa yi masa magana ba. Yawancin wakilai a nan suke gane cewa mutum biyar ko shida da suke shan shayi tare su suke ɗauka a matsayin makaranta baki ɗaya. Ɗan kasuwar da ke riƙe da littafin bashi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wanda bai san abin da ke cikin shagonsa ba, ba ya shiga ciniki da ƙarfin zuciya.

Darasi na biyu ya fi wuya, shi ne neman wanda ake jin maganarsa. A kowace makaranta akwai mutumin da idan ya tashi sauran za su tashi, kuma sau da yawa ba shi ne mai yawan surutu a taro ba. Takan yiwu wata dattijuwar malama ce da ke koyar da ƙananan yara shekara ashirin, wadda sababbin malamai ke zuwa wurinta neman shawara, kuma takan yiwu ita ce ma ta fi kowa ƙin jinin ƙungiyar saboda wani abin da aka yi mata a baya. Horon yana koya wa wakili ya je wurinta da kansa, ya zauna, ya saurara fiye da yadda yake magana, ya tambaye ta abin da ya fi damun ta a aikinta, sannan ya tambaye ta wa ke da ikon gyara abin, kuma me ya sa bai gyara ba. A ƙarshe sai ya roƙe ta abu guda ƙarami wanda za ta iya yi a wannan mako. A wurin horo akan gwada wannan hira kamar wasan kwaikwayo, wani ya zama wakili, wani ya zama malami mai taurin kai, har bakin mutum ya saba da amsa tambayar da kowa ke yi: in aka kore ni, wa zai ciyar da iyalina?

Daga nan aka kafa kwamiti a kowace makaranta, kowane ɗan kwamiti yana riƙe da abokan aiki wajen goma, ya san lambar wayarsu, ya san halin da suke ciki. Ta haka saƙo ke sauka daga ofishin ƙungiya zuwa aji cikin yini guda, kuma, abin da ya fi muhimmanci, amsa ke hawa daga aji zuwa ofishin ƙungiya.

Darasi na uku shi ne gwaji. Ƙungiyar ta roƙi mambobinta su riƙa sanya jar riga kowace ranar Juma'a. Wanda bai san dawan garin ba zai ce wasan yara ne. Amma jar riga ƙidaya ce da ake yi da ido: idan a makaranta mai ma'aikata hamsin mutum goma sha biyu suka sanya, wakili ya san yana da sauran aiki kan talatin da takwas, kuma darakta ma ya gani. Bayan riga sai sa hannu kan takardar koke, bayan takarda sai tsayuwa a ƙofar makaranta da safe ana raba wa iyaye bayani, bayan wannan sai ƙuri'ar gwaji a makarantu, wadda aka yi a bazarar 2012 tun kafin ta gaskiya. Kowane mataki ya fi na bayansa nauyi kaɗan, kuma kowane yana nuna inda bango ya tsage tun ƙadangare bai samu wurin shiga ba. Saboda haka ranar da shugabannin suka kira ƙuri'ar yaji, sun riga sun san amsar, makaranta bayan makaranta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiya ne, abokin hamayya ma ya taimaka. Rahm Emanuel, wanda ya taɓa zama shugaban ma'aikatan fadar Obama, ya hau kujerar magajin gari a watan Mayu na 2011, kuma wata guda bayan haka hukumar da ya naɗa ta soke ƙarin albashi na kashi 4 cikin 100 da yarjejeniya ta riga ta tanada. Sannan ya nemi tsawaita lokacin karatu na yini, ya yi wa makarantu tayin kuɗi in malamansu suka yarda su tsallake ƙungiya su karɓi tsarin. Cikin ɗaruruwan makarantun firamare, waɗanda suka karɓa ba su kai ashirin ba. Fushi dai ya samu. Sai dai fushi kaɗai ba ya kai mutum dubu 23 gaban akwatin ƙuri'a. An sha ganin ma'aikata sun fusata a ofis, ranar taro kuma kujeru suna wayam.

Akwai kuma sashen aikin da ya shafi waje, wato shawo kan jama'ar gari, kuma a nan ne wayon ƙungiyar ya fi fitowa. Doka ta ce albashi da makamantansa kaɗai za a iya yin yaji a kansu. Hukuma tana so a ga malamai a matsayin masu kwaɗayi da suka bar yara a titi domin aljihunsu. A watan Fabrairu na 2012 ƙungiyar ta fitar da wani rahoto kan irin makarantar da ta dace da yaran Shikago, da alƙaluman da kowane uba zai iya dubawa da idonsa: makarantu 160 ba su da ɗakin karatu, azuzuwa sun cika maƙil, ma'aikatan jinya ƴan ɗaruruwa ne ga yara wajen dubu 400, zane da kiɗa da wasannin motsa jiki sun ɓace daga makarantun talakawa. An horar da malamai su riƙe wannan rahoto su shiga da shi tarurrukan iyaye da majami'u da ƙungiyoyin unguwa, su kai shi ofishin ƴan majalisar birni. Don haka da yajin ya soma ranar 10 ga Satumba 2012, yara wajen dubu 350 suka zauna gida, binciken jin ra'ayi ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na iyayen da ƴaƴansu ke makarantun gwamnati suna bayan malamai. Uwar da ta rasa inda za ta bar ɗanta ta tafi aiki, amma duk da haka ta kawo wa masu yaji abinci a ƙofar makaranta, an daɗe ana zama da ita kafin wannan rana.

Wani abu ya faru ranar Lahadi 16 ga Satumba wanda ya nuna zurfin horon fiye da duk wani jerin gwano. Shugabanni sun cimma matsaya da hukuma, suka kawo ta gaban majalisar wakilai ta ƙungiyar, mutum wajen 800, kowa yana zaton za a ɗaga hannu a koma aiki. Wakilan suka ƙi. Suka ce ba za su yanke hukunci kan takardar da mambobinsu ba su karanta ba. Aka ƙara kwana biyu, malamai suka zauna ƙungiya ƙungiya a bakin makarantunsu suna bin yarjejeniyar aya bayan aya, magajin gari kuwa ya garzaya kotu yana neman a tilasta masu komawa. Sai ranar Talata 18 ga wata wakilan suka dakatar da yajin, bayan kwana bakwai na karatu. Shugaban da ya koya wa mutanensa yin tambaya, ya shirya wata rana su juyo da tambayar kansa, kuma Karen Lewis ta karɓi abin ba tare da ta ɗauke shi cin fuska ba.

Abin da aka samu ba shi da yawa kamar yadda hayaniyar ta sa a zata. Ƙarin albashi na kashi 3, da 2, da 2 cikin shekara uku. An yi watsi da shirin biyan malami gwargwadon makin jarrabawar ɗalibansa. An tsayar da rabon wannan maki a ma'aunin aikin malami daidai mafi ƙarancin abin da doka ta tilasta. An yi alkawarin littattafai tun ranar farko ta shekarar karatu. Tsawaita yinin karatu kuwa ya tabbata, ko da yake an ɗauki ƙarin ɗaruruwan malamai saboda shi.

Sannan mari ya biyo baya. A watan Mayu na 2013 hukumar da magajin gari ya naɗa ta yanke rufe makarantu kusan 50 a tashi ɗaya, kuma mafi yawan yaran da abin ya shafa baƙar fata ne. Iyaye da malamai sun cika zaurukan jin bahasi, sun yi tattaki na kwanaki, bai hana kome ba, domin babu ko mutum guda a hukumar da ke tsoron ƙuri'ar wani. Daga nan ne ƙungiyar ta juya horonta zuwa fagen zaɓe. Hanyar ba ta sake ba: takardar sunaye, ƙwanƙwasa ƙofa, hira ido da ido, ƙidaya, sai dai yanzu mazaɓa ce ta maye gurbin makaranta. A 2014 CTU da wasu ƙungiyoyin ƙwadago da na unguwanni suka kafa wata ƙungiyar siyasa mai horar da ƴan takara da masu yi masu yaƙin neman zaɓe. Karen Lewis da kanta ta yi shirin tsayawa takarar magajin gari, amma a watan Oktoba na wannan shekara aka gano tana da ciwon daji a ƙwaƙwalwa, cutar da ta yi jinya da ita har rasuwarta a Fabrairun 2021. Ɗan takarar da ƙungiyar ta mara wa baya a 2015, Jesús García, ya tilasta wa Emanuel zuwa zagaye na biyu, sannan ya faɗi. Amma a wannan zaɓe wata mai ba ɗalibai shawara a makaranta, Susan Sadlowski Garza, ta kayar da ɗan majalisar birni mai ci da ratar ƙuri'a 20 kacal. Wanda ke raina ƙofa guda da bai ƙwanƙwasa ba, ya tuna da wannan ashirin.

Sauran ya zo da sauri. A 2019, zamanin magajiyar gari Lori Lightfoot, aka sake yaji na kwana goma sha ɗaya, aka samu alkawarin ma'aikacin jinya da mai kula da halin zaman yara a kowace makaranta, abubuwan da dokar 1995 ta nesanta daga teburin tattaunawa. A 2021 majalisar jaha ta soke wancan takunkumi, ta kuma yi dokar da ta mayar da hukumar makarantu ta zama ta zaɓe. Ranar 4 ga Afrilu 2023 Brandon Johnson, wancan malami da ya shiga sashen haɗa kan mambobi a 2011, ya ci zaɓen magajin garin Shikago, kuma wanda ya kayar, Paul Vallas, shi ne daraktan farko da aka naɗa wa makarantun bayan dokar 1995.

A nan ne maganar ta yi nauyi, kuma bai kamata a rufe ta da tafi ba. Ƙungiyar da ta saba fuskantar magajin gari daga wancan gefen tebur ta wayi gari ɗanta ne a kan kujerar, alhali asusun makarantu yana da giɓi kamar yadda yake da shi jiya. Masu adawa suka samu abin faɗi: wa ke kare mai biyan haraji idan mai nema da mai bayarwa gidansu ɗaya? Tambayar ba ta banza ba ce. A 2024 rigima ta ɓarke tsakanin Johnson da daraktan makarantu Pedro Martinez, wanda ya ƙi yarda a ci bashin dalar Amurka miliyan 300 domin biyan wani nauyin fansho da ƙarin albashi. A watan Oktoba dukan mambobin hukumar, waɗanda Johnson da kansa ya naɗa, suka yi murabus a rana guda. A watan Disamba sabuwar hukumar ta sallami Martinez. Tsakanin waɗannan biyun, a watan Nuwamba, aka yi zaɓen farko na kujeru 10 cikin 21 na hukumar, wannan zaɓe da ƙungiyar ta yi shekara goma tana nema, kuma ƴan takarar da ta tsaya wa kujeru huɗu kaɗai suka samu. Iyayen da suka kawo abinci a ƙofar makaranta a 2012 ba su ba kowa ƙuri'arsu kyauta ba.

A watan Afrilu na 2025 mambobin ƙungiyar, ƙarƙashin shugabancin Stacy Davis Gates, suka amince da sabuwar yarjejeniya ba tare da an yi yajin ko yini guda ba. Dokar 2021 kuwa ta tanadi cewa daga Janairun 2027 dukan kujeru 21 na hukumar makarantu za su zama na zaɓe, magajin gari ba zai ƙara naɗa kowa ba, ko ɗan ƙungiya ne shi ko abokin gabarta.